Baba yana ɓata a sabuwar Kejetia: tsufa ne, ciwo ne, ko koyo?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Daga Aboabo nake rubutowa. Mahaifinmu ya fi shekara 30 yana sayar da yadi a rumfa ɗaya a tsohuwar kasuwa. Tun da ya koma shago a sabon ginin kasuwar Kejetia da ke Kumasi abu ya rikice masa. Sai ya yi ta zagaye bai ga shagonsa ba, wani lokaci ya hau benen da ba nasa ba, wata rana ma da safe ya tsinci kansa ya nufi tsohon wurin. Jikansa ɗan shekara 10 kuwa cikin kwanaki kaɗan ya san ko'ina. A gida wasu na cewa tsufa ne, wasu na cewa hannu aka sa masa. Yayyena suna so a hana shi fita, ko a haɗa shi da yaron da zai riƙa kai shi kullum. Me ke faruwa a kansa, kuma me ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin a yanke hukunci a kansa.

Abin da kika bayyana ya fi kama da aikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa da aka sauya wa wuri bayan shekaru masu yawa. Tambayar da nake fara yi wa duk iyalin da suka zo mini da irin wannan ita ce: a ina yake ɓata? Idan a sabon ginin kaɗai ne, amma hanyar gida, hanyar masallaci, gidajen 'yan'uwa a Asawase ko Sawaba duk yana zuwa ba gargada, lissafin cinikinsa kuma yana nan daidai, to Baba koyo yake yi, koyon ne bai kammala ba. Idan kuwa ya fara rikicewa a unguwar da ya tsufa a cikinta, wannan wata magana ce daban, zan zo kanta. Shawarar hana shi fita dai, ina roƙonku ku dakata da ita, don tana iya zama ita ce za ta jawo abin da kuke tsoro.

A can cikin kai, kusan saitin kunnuwa, akwai wani ɗan sashe lanƙwasasshe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana kiransa hifokamfus. A 1971 wani masani a Landan, John O'Keefe, ya sa siraran wayoyi a wannan sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, ya bar shi yana yawo, shi kuma yana sauraron ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ga wata ƙwaya ba ta motsawa sai ɓeran ya isa wata kusurwa. Da zarar ya bar kusurwar ta yi shiru, wata kuma ta karɓa. Kowane gurbi da ƙwayoyin da ke amsa masa, in aka haɗa su gaba ɗaya sun zama taswirar wurin. A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser a ƙasar Norwe suka gano wasu ƙwayoyin a sashen da ke maƙwabtaka da shi, mai suna entorainal, waɗanda aikinsu awo ne: suna kunnuwa a tazara daidai wa daida yayin da dabba ke tafiya, ta haka ƙwaƙwalwa ke lissafa nisan da aka ci. Su ukun sun karɓi kyautar Nobel a 2014. An kuma sami irin waɗannan ƙwayoyi a mutane, a jikin masu farfaɗiya da aka sa wa wayoyi a kai kafin a yi musu tiyata.

Da me ake zana wannan taswira? Da takun ƙafa, da na'urar daidaito da ke cikin kunne wadda ke jin juyawar kai, da kuma alamomin waje: abin da ido ya gani, ƙarar da kunne ya ji, warin da hanci ya shaƙa. Lissafin taku shi kaɗai yana tara kuskure, dole sai an riƙa gyara shi da alamomi. To ki tuna tsohuwar kasuwa. Kowane layi da kamanninsa da warinsa: nan mahauta, can masu busasshen kifi, gaba ƙarar masu bugun kwano, ga tsohon layin dogo, ga gangara, ga rana a sama tana nuna gabas da yamma. Wurin da baƙo ke gani a matsayin hargitsi, ga ƙwaƙwalwar Baba cike yake da alamomi. Sabon gini kuwa rufaffe ne, layukansa miƙaƙƙu ne masu kama da juna, ƙofofin shaguna iri ɗaya, ga hawa a kan hawa.

Wannan kamanceceniya matsala ce ta gaske ga hifokamfus, kuma an auna ta. An sa ɓeraye a ɗakuna huɗu iri ɗaya da aka jera suna fuskantar waje ɗaya, sai aka ga ƙwayar da ke kunnuwa a kusurwar ɗaki na farko tana kunnuwa a irin wannan kusurwa a sauran ɗakunan. Wato taswirar ta maimaita kanta, kuma ɓerayen sun sha wuya wajen gane ɗakin da abinci yake. Da aka karkata ɗakunan kowanne ya fuskanci wani waje, maimaicin ya ragu, suka fi saurin ganewa. Idan Baba ya hau benen da ba nasa ba ya tsaya daidai inda shagonsa ya kamata ya kasance, ki lura da kyau: ya ƙirga nisan daidai, ya juya daidai, hawan ne kawai ya ɓace masa. Matasa masu cikakkiyar lafiya ma suna yin wannan a manyan gine-gine.

Batun nufar tsohon wuri da safe kuma daga wani sashe dabam yake fitowa. Ƙwaƙwalwa tana da hanya biyu ta kai mutum inda za shi. Ɗaya ita ce taswirar da na faɗa, wadda ke buƙatar hankali. Ɗayar ita ce sabo, wanda ke zaune a wasu curarrun sassa a can ƙarƙashi, da ake kira sitirayatom: in ka sauka daga trotro (motar haya) ka yi dama, in ka ga kaza ka yi hagu, ba sai ka yi tunani ba. A 1996 Mark Packard da James McGaugh a Amurka sun nuna yadda suke karɓa-karɓa. Sun koya wa ɓeraye tashi daga kudu a wata hanya mai rassa huɗu, abinci yana reshen yamma, wato sai sun juya hagu. A rana ta 8 aka tashe su daga arewa, mafi yawansu suka nufi yamma inda abincin yake, suna bin taswira. A rana ta 16 aka sake yin haka, sai mafi yawansu suka juya hagu kamar yadda suka saba, suka faɗa gabas inda ba komai. Sabo ya karɓi ragama. Abin da ya fi burge ni a wannan gwaji shi ne, da aka sa maganin kashe zafi aka kwantar da sashen sabo na ɗan lokaci, sai ɓerayen suka koma bin taswira. Ashe tana nan, danne ta kawai aka yi.

Kwana 16 ke nan a ɓera. Baba ya yi shekara 30 yana taka hanya ɗaya. Duk safiyar da hankalinsa ya tafi kan bashi ko kuɗin makarantar jikoki, sabo ne zai ja ƙafarsa. Mu a Ghana mun ga wannan a ƙasa baki ɗaya. Ranar 4 ga Agusta 1974 aka mayar da tuƙi hannun dama, Baba zai iya ba ki labarin yadda direbobi da masu tsallaka titi suka sake koyon inda za su fara dubawa. A Yulin 2007 aka cire sifili huɗu daga kuɗinmu, sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma har yau a kasuwa za ki ji an ce "miliyan ɗaya" ana nufin sidi 100. Ba wanda ke cewa waɗannan mutane sun sami taɓin hankali. Sabon lissafi ya zauna kusa da tsoho, suna amfani da duka biyun. Haka ƙwaƙwalwa ke yi da wurare ma: takan buɗe sabuwar taswira ta bar tsohuwa a ajiye, sai su yi ta gasa har sabuwar ta yi ƙarfi.

Yadda take yin ƙarfi shi ne inda shawarar yayyenki ta shigo. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma koyo yana faruwa ne a mahaɗar da ke tsakaninsu. Donald Hebb ya kawo hasashen a 1949 cewa ƙwayoyin da ke aiki tare a kai a kai mahaɗarsu na ƙara ƙarfi, sannan a 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka nuna hakan a hifokamfus ɗin zomo. Kamar turba ce a cikin ciyawa: inda ake yawan takawa yana fitowa fili, inda aka daina bi ciyawa na rufewa a hankali.

Sai dai maimaici kaɗai ba ya isa. Ƙwaƙwalwa kullum cikin hasashe take, tana cewa in na juya nan zan ga kaza. In ta ga abin da ta zata, ba ta da dalilin gyara komai. In ta ga saɓaninsa, nan ne koyo ke tashi. Wolfram Schultz ya nuna wannan a birai, yana sauraron ƙwayoyin da ke fitar da sinadarin dofamin. In aka ba biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, ƙwayoyin suna zabura. In ya koyi cewa wata alama ce ke zuwa kafin ruwan, sai su daina zabura ga ruwan su koma zabura ga alamar. In alamar ta zo ruwan bai zo ba, sai aikinsu ya faɗi ƙasa daidai lokacin da ake sa ran zuwansa. Abin da suke aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin zato da abin da ya faru. Saboda haka duk lokacin da Baba ya zaɓi layi da kansa, ya tarar ba shi ba ne, ya dawo ya gyara, ƙwaƙwalwarsa ta sami darasin da take bukata. Wanda ake ja bai yi zaton komai ba, don haka ba abin da zai gyara.

An gwada wannan ma. A 1963 Richard Held da Alan Hein sun haɗa 'yan kyanwa biyu-biyu a wata na'ura mai juyawa: ɗaya na tafiya da ƙafarta, ɗayar na zaune a kwando ana jan ta, suna ganin abu iri ɗaya. Mai tafiyar ta koyi auna zurfi da kai ƙafa inda ido ya nuna, ta kwandon ba ta koya ba sai da aka sake ta ta yi yawo da kanta. A 2017 kuma a Landan an duba ƙwaƙwalwar mutane suna neman hanya a titunan unguwar Soho. In su ke zaɓen hanya, hifokamfus na ƙara aiki duk lokacin da suka shiga titi mai rassa da yawa. In umarni suke bi irin na taswirar waya, wannan ƙarin ba ya bayyana. Ke ma kin sani, wanda ake ɗauka a bayan mota zai iya zuwa wuri sau da yawa bai san hanya ba.

To ko ƙwaƙwalwar babba tana iya sabon gini irin wannan? Tana iyawa. Mai son tuƙa baƙar tasi a Landan dole ya haddace tituna kusan 25,000, abin da ke ɗaukar shekara 3 zuwa 4. Eleanor Maguire ta nuna a 2000 cewa ɓangaren baya na hifokamfus ɗin waɗannan direbobi ya fi na sauran mutane girma. Aka ce wataƙila da haka aka haife su. Sai ita da Katherine Woollett suka bi masu koyo 79 tun daga farko, suka fitar da sakamako a 2011: su 39 da suka ci jarrabawa sashen ya ƙaru a kansu, waɗanda ba su ci ba bai ƙaru ba. Duk manya ne, ba yara ba.

Ba zan ɓoye miki ba, shekaru suna da tasiri. Dattawa sun fi jinkirin zana sabuwar taswira kuma sun fi dogaro da sabo. Amma kwatanta Baba da jikansa ba adalci ba ne. Yaron ba shi da tsohuwar taswirar da za ta yi gasa da sabuwa, ga shi wasa yake, yana shiga kowane lungu yana fita, ba wanda zai yi masa dariya in ya ɓata. Baba kuwa yana neman hanya ne da nauyi a zuciya: ciniki ya sauya, abokan hira na shekaru sun warwatse, ga kunyar a ga dattijo kamarsa yana zagaye. Wannan nauyi yana shiga lissafi kai tsaye, domin an nuna cewa damuwa da sinadarin kotizol da take ɗagawa suna tura mutum daga amfani da taswira zuwa bin sabo. Duk wanda ya ce masa "Baba, yau ma ka ɓata?" ya ƙara masa wahalar gobe. Ku hana yara wannan magana, ku ma ku daina tattauna ta a gabansa kamar ba ya wurin.

Barci ma yana cikin maganin. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton sun ga ƙwayoyin wuri da suka yi aiki tare lokacin da ɓera ke yawo suna sake kunnuwa tare yana barci. Da daddare ƙwaƙwalwa ke bitar hanyar da aka bi da rana tana kafa ta. Dattijon da fitsari ke tayarwa sau da yawa, ko mai minshari mai ɗauke numfashi, ko wanda tunani ya hana runtsawa, koyonsa zai yi jinkiri, kuma duk waɗannan ana iya duba su a asibiti.

Abin da nake ba da shawara shi ne a raka shi, amma shi ne a gaba. Yaron ya bi bayansa ya yi shiru, sai in Baba ya tambaya ko ya yi nisa da yawa. A zaɓi ƙofa ɗaya da matakala ɗaya a riƙa bi kullum har hanyar ta zauna, daga baya a ƙara wata. A bi ta zuwa da dawowa, domin hanya ɗaya kamanni biyu gare ta, wanda ya san ta ta gaba zai iya rikicewa in ya juyo. Ya zaɓi alamominsa da kansa, abubuwan da ba sa gusawa, ya faɗe su da baki: matakala ta kaza, shagon mai takalma a kusurwa, sai a yi dama. A rataya wani yadi mai launi na daban a bakin shagonsa wanda za a hango daga nesa, kuma ya riƙa faɗa wa kansa hawan da yake kai duk lokacin da ya gama matakala. In da hali a fara da lokacin da kasuwa ba ta cika ba. Ya riƙe lambar shagon a rubuce a aljihu, tambaya kuma ba abin kunya ba ce, matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ya tambaya ya ci gaba da ƙafarsa shi ma koyo yake. Ku kai shi a duba idonsa da kunnensa. Yanar ido da hawan jinin ido suna da yawa a dattawanmu, na biyun yana cin gefen gani a ɓoye, kuma da gefen ido mutum ke kama alamomi yana tafiya.

Yanzu ga ɗaya maganar. Cutar mantuwa ta Alzheimer takan fara taɓa sashen entorainal da hifokamfus, shi ya sa ɓatan hanya ke cikin alamominta na farko. Wahalar koyon sabon wuri ma tana iya zama farkonta, don haka ba na cewa ku saki jiki gaba ɗaya. Bambancin yana fitowa da lokaci: lafiyayye yana samun sauƙi mako bayan mako ko da a hankali ne, mai ciwo yana tsayawa wuri ɗaya ko ya ƙara baya. Ku kai shi asibiti idan makonni suna wucewa ba ci gaba, ko ya rikice a hanyar gida ko ta masallacin da ya saba, ko yana maimaita tambaya ɗaya bayan an amsa masa, ko canji da awon yadi sun fara kuɓuce masa, ko sunayen na kusa suna ɓace masa, ko halinsa ya sauya. Idan likita ya tabbatar da irin wannan ciwo, shawarata ta sama tana juyawa: mai cutar mantuwa ba a barin sa ya yi ta kuskure, an fi so a nuna masa daidai tun farko a maimaita, kuma ba a barin sa shi kaɗai a cunkoso.

Rikicewar da ta zo farat ɗaya kuwa, cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu, ba a jira da ita. In ta zo da karkacewar baki, nauyin hannu ko ƙafa, sarƙewar magana, zazzaɓi ko yawan barci, a wuce da shi sashen gaggawa nan take, asibitin Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa. Shanyewar ɓarin jiki, faɗuwar suga, ciwon mafitsara ko na huhu duk suna rikita dattijo haka, kuma saurin zuwa yana ceton ƙwaƙwalwa.

Masu cewa hannu aka sa masa, na san ƙauna ce ta sa su neman dalili. Ku yi masa addu'a, ba ta hana awo. Abin da ke damuna shi ne watannin da ake ɓatawa kafin a zo asibiti, alhali hawan jini, ciwon suga, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, baƙin ciki mai tsanani da wasu magungunan barci duk suna rage kaifin tunani, kuma duk ana iya yin wani abu a kansu. Ko da Baba yana samun sauƙi, a shekarunsa ya dace a auna jininsa da sugansa. Ranar zuwa, wanda ke kwana gida ɗaya da shi ya raka shi, domin likita zai so jin lokacin da abin ya fara da yadda yake sauyawa. Ku tafi da katin inshorar lafiyarsa da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya da waɗanda ya saya da kansa a kantin magani.